Shirun Inna Dije

A shekarar da sojoji suka koma bariki, ni Ɗanliti mai bidiyo na Ƙofar Kaura a Katsina ina ji da kaina ba kaɗan ba. Sana'ata ɗaukar biki da suna, amma idan ka kira ni mai ɗaukar biki sai mu ɓata, don ina da kaset guda da ya sa ake nuna ni da yatsa a gari. Kaset ne a kan kisan wani mai sayar da fata da aka tsinci gawarsa cikin shagonsa shekara biyu kafin nan. Wanda aka kama ɗan acaɓa ne, Lado, mutumin wani ƙauye a bayan Batagarawa, don shi ya saba ɗauko marigayin ya kuma mayar da shi. Tun daga lokacin yake gidan yari yana jiran shari'ar da ba a taɓa zama ba.

Yadda na samu kaset ɗin ba wani abin ƙwazo ba ne. Wani sufeton 'yan sanda da na ɗaukar wa bikin ƙanwarsa ne ya aiko aka kira ni, wai in zo da kyamara mai laifi zai amsa laifinsa. Mutum biyu suka shigo da Lado a tallabe suka ɗora shi kan benci. Tafin ƙafafunsa sun kumbura sun yi suntum kamar burodi, ko ƙasa ba ya iya dafawa da su.

"Daga ƙirji zuwa sama za ka ɗauka," in ji sufeto.

Na ce to, ranka ya daɗe. Daga ƙirji zuwa sama na ɗauka. Lado ya ce shi ya yi, sau uku, don na farko da na biyu muryarsa ba ta fita sosai ba.

Da na kalli abin a shago sai na ga bai kai minti biyar ba, kuma ba wanda zai sayi minti biyar. Sai na hau babur na tafi ƙauyensu neman ƙari. Na tarar da mahaifiyarsa, Inna Dije, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida ita da wata maƙwabciyarta, Lami. Muka gaisa, na kafa kyamara, na ce, "Inna, a ganinki ɗanki zai iya kashe mutum?"

Ta ja mayafi ta kawar da kai. Na sake tambaya. Can ta ce, "Ku tambayi mutane." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Lami ta yi caraf ta ce, "Haba Malam, ɗan hwarinta ne hwa, mi kake son ta ce? Ni za ka tambaya. Ran nan da ake hwaɗi yana nan gida, shi ya kai ta asibitin Batagarawa, a can suka kwana."

Na ji wannan magana da kunnena, kyamara ma ta ji. Amma da na haɗa bidiyo biyu ina tacewa, sai na ga yadda tsohuwar ta kawar da kai ya yi kyau ƙwarai. Na rage masa gudu, na sa sarewa mai ban tausayi a ƙarƙashi, na ɗora muryata a kai, wadda na yi ta gwadawa har ta yi kauri: "Ko uwar da ta haife shi ta kasa buɗe baki ta kare shi." Lami kuwa na yanke ta gaba ɗaya. Na ce wa kaina ai ƙauye ba a rasa mai kare ɗan gida, kuma kaset ya yi tsawo.

Kaset ya shiga gari. Gidajen kallo suka riƙa sa shi kafin fim ɗin Indiya. A majalisar ƙofar shagona kuwa an yi wata da watanni ana musu. Aminu tela ya ce shi bai yarda da amsa laifin da aka yi a hannun hukuma ba, ya san wanda ya amsa satar akuyar da daga baya aka gan ta tana kiwo. Wasu su ce to me ya sa bai ɗaga ido ya kalli kyamara ba? Wasu su ce kai ma a sa ka gaban sufeto mu ga idonka. Amma duk inda musun ya kai, sai wani ya ce, "To uwar fa?" Daga nan sai a yi tsit. Ni kuwa ina zaune ina shan shayi, ina jin daɗin an zo wurin da na gina.

Mutum ɗaya ce ba ta yaba ba, matata Ma'u. Ta kalla sau ɗaya ta ce, "Wannan matar ba ƙin sa take ba, kunyarsa take ji." Na ce mata ta bar aikin da ba ta sani ba ta ji da tukunyarta. Har yau idan na tuna wannan amsar sai in ji kamar in nutse.

Bayan an rantsar da farar hula aka kafa wani kwamiti na duba waɗanda suka daɗe a tsare ba shari'a. Wata ranar Talata wata lauya ta yi sallama a shagona, Barista Tabitha Musa, 'yar kudancin Kaduna amma haihuwar Katsina, Hausarta har ta fi tawa gishiri. Ta ce ita ke tsaya wa Lado. Ta ce dangin marigayi sun kai wa kwamitin kaset ɗina a matsayin hujjar kada a sake shi, kuma an kalla. Idan aka tsallake sunansa a wannan zaman, Allah kaɗai ya san ranar da za a sake waiwayarsa.

"Malam Ɗanliti, asalin kaset ɗin nake so, wanda ba a taɓa ba."

Na shiga ciki na yi ta bincike kamar gaske, alhali na san inda yake. Kaset yana tsada a lokacin, ba ma ajiye wanda aka gama da shi, sai mu ɗauki wani biki a kansa. Na sa mata shi a bidiyo don ta gani da idonta: inda Lami take magana, yanzu wasu mata ne ke rawa a kamun wata amarya a Ƙofar Kwaya. Barista ta daɗe tana kallon rawar.

"To Lamin fa?" na tambaya.

"Ta rasu bara. Asibitin kuma ba su da takardar komai. Saura kai da tsohuwar."

Na so in ce ba ruwana. Sufeton nan yana gari, ya ma samu ƙarin girma. Na kwana biyu ina jujjuya abin, Ma'u kuwa sai dai ta ajiye mini abinci ta juya. A rana ta uku na aika wa Barista cewa zan zo.

An yi zaman a wani ɗaki mai fanka ɗaya. Mutum biyar a bayan tebur, shugabansu wani tsohon alƙali. Aka shigo da Lado, yana tafiya yana ɗingishi da ƙafa biyu, ya rame har na kusa kasa gane shi. Da aka kira ni na faɗi abin da na gani na ƙafafun, da abin da sufeto ya ce, da maganar Lami da na yanke. Muryar nan mai kauri da na yi kaset da ita ban san inda ta shiga ba, sai da aka ce in ɗaga murya sau biyu.

Alƙalin ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Wato a da ka yi mana ƙarya, yanzu kuma kana so mu yarda da kai. Wanne za mu ɗauka?" Ya ce a kira uwar.

Inna Dije ta zauna a bakin kujera, mayafinta har goshi. Ba ta dubi inda ɗanta yake ba. Alƙalin ya sassauta murya, don shi ma ya san abin da yake shirin nema a wurinta.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri, aiki ne. Sai kin faɗi sunan wanda kike magana a kansa, a rubuta."

Matar nan shekara talatin da wani abu ba ta taɓa kiran sunan nan ba, ko a ɗaka, ko ita kaɗai. Yanzu ga maza baƙi, ga dangin marigayi, ga ni.

"Lado," ta ce. "Ɗana ne. Ni na haihe shi. Ran nan yana wurina, shi ya goya ni ya kai ni asibiti, bai bar ni ba har gari ya waye. Bai kashe kowa ba."

Lado ya kifa kansa a gwiwa, kafaɗunsa suna girgiza. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuskarta duka, kamar wadda aka tuɓe a kasuwa. Ni na jawo mata wannan, ba sufeto ba.

Kwamitin ya ba da belinsa a ranar. Ba a wanke shi ba, ba a kuma kama wani ba, har yau majalisarmu ba ta gama musun ba, sai dai yanzu idan an fara nakan tashi in shiga shago.

A bakin ƙofa na same su suna jiran mota. Na durƙusa na gaishe ta, na fara haɗa kalmomin neman gafara da na kwana ina shiryawa. Ba ta bari na kai ƙarshe ba. Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, ta yi tambaya kamar mai tambayar hanya.

"Malam, kai na nawa ne a ɗakinku?"

Mahaifiyata tana nan da ranta a Ƙofar Kaura, kuma tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan tana nemana sai ta ce a kira mata wancan.

"Na fari ne, Inna," na ce.

Ta gyaɗa kai a hankali. Motar ta tsaya, ta kama hannun ɗanta a gaban kowa ta taimaka masa ya hau.