Kanwa a Jikin Takobi

Alhaji Abdulmumini mutum ne da ko gaisuwa ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Kyamara huɗu ce a shagonsa na kayan abinci a unguwar Tompkinsville, tsallaken ruwa daga Manhattan, kuma ɗaya daga ciki ba ta da aiki sai kallon abokin cinikinsa na shekara ashirin. To ƙanwar Alhajin nan ce wani mai yanka makulli, Barmo, yake nema da aure, wato Raudatu, mai aikin kula da tsofaffi, wadda mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce. Ita ta amince tuntuni. Alhaji ma ya ce manyan Barmo su zo ranar Asabar, amma bai daina jefa masa tambayoyi a kaikaice ba: wace unguwa a Damagaram, wane gida, me mahaifinsa yake yi kafin ya rasu.

Barmo kullum amsarsa ɗaya, tsohonsa ɗan kasuwa ne. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, tunda abin da tsohon ya ƙera a kasuwa yake sayar da shi. Maƙeri ne ɗan maƙeri. A gidan su Alhaji can Agadas kuwa, maƙeri na gida ne, ana wasa da shi, ana yi masa kyauta, amma ba a ba shi mace. Shekara goma sha ɗaya Barmo yana yanka makulli a ɗan shagonsa na Stapleton bai gaya wa kowa inda ya koyi riƙe magagari ba, sai Raudatu. Ita ce ta ce ya ja bakinsa ya yi shiru har a ɗaura.

Ranar Laraba Alhaji ya kira shi bayan kanta, ya duba hagu ya duba dama, sannan ya nuna masa hoto a waya. Takobi ne mai lanƙwasa irin na sojan dokin Faransa, za a yi gwanjonsa ranar Juma'a a wani ƙaramin gidan gwanjo a Manhattan, kuma takardar ta ce daga wajen Agadas ya fito. A gidan su Alhaji ana ba da labarin kakansu ya ƙwace irinsa a hannun wani Bafaranshe, daga baya ya ɓace. Alhaji ya riga ya gama yanke wa kansa cewa shi ne. Har ya yi wa 'yan ƙungiyar garinsu alkawarin zai kawo shi taron Lahadi su gani da idonsu. Yana son Barmo ya raka shi dubawa, tunda dai mai makulli ya san ƙarfe.

Da yamma Raudatu ta bugo wa Barmo waya. Ba ta roƙi komai ba sai abu ɗaya, kada ya bari a cuci Yaya, don in aka yi masa dariya a gaban 'yan garinsu ba zai ƙara ɗaga kai ba.

Washegari suka hau jirgin ruwa suka tsallaka. A ɗakin da aka baje kayan, wata ma'aikaciya ta ba su farin safar hannu ta ɗora takobin a kan tebur. Alhaji ya bi kowa da kallo. Dattijon nan mai tabarau, in ji shi, an ajiye shi ne don ya riƙa ɗaga farashi. Ma'aikaciyar kuma murmushinta ya yi yawa. Duk ɗakin babu wanda ya tsira daga zarginsa sai takobin.

Barmo ya zare shi daga kube, tun kafin ya duba komai hannunsa ya ba shi labari. Nauyin ya rinjaya can wajen tsini. Na gaskiya yakan fara da kauri a gindi ya riƙa sirancewa har ƙarshe, shi ya sa mahayi zai wuni da shi hannunsa bai mutu ba. Wannan kaurinsa ɗaya daga sama har ƙasa, kamar sifirin ɗin mota da aka daka. Ya juya gadon bayan, inda ake zana sunan masana'anta da shekara. Rubutun ya yi kyau, amma kyan wanda ya kwafi zane ne ba tare da ya iya karanta shi ba. Tagullar mariƙin cike take da ƙananan ramuka irin na zubin yashi. Tsatsar kuma ta kwanta ko'ina daidai wa daida, alhali tsufa ba ya raba abu daidai haka.

Ya faɗa wa Alhaji duk wannan da murya ƙasa-ƙasa. Alhaji ya saurara yana kaɗa takardar shaida, kowace magana ya amsa ta da hatimin da ke jiki. Daga nan ya ƙanƙance ido, ya tambayi Barmo ko akwai wanda ya turo shi ya kashe masa gwiwa, ko kuma shi ne yake son takobin ya zagayo ta baya ya saya.

Maganar ta yi wa Barmo zafi, amma tsoro ya fi zafin yawa. Yana iya cewa to, Allah ya sanya alheri, a sayi takobi ranar Juma'a, manyansa su zo ranar Asabar. Sai dai ranar Lahadi akwai dattawan da suka yi zamanin masu yawon buɗe ido, sun san irin kayan da ake sayar musu. Ya tuna muryar Raudatu a waya. Da ma'aikaciyar ta juya baya, sai ya zare safar, ya jiƙa babban yatsa da miyau, ya goga a lungun da ƙarfe ya shiga mariƙi, ya kai bakinsa.

Kanwa ce, da ɗan warin turken awaki. Shekara talatin rabonsa da wannan ɗanɗano, amma harshensa bai manta ba.

"Alhaji, wannan bai taɓa ganin Faransa ba," in ji shi. "Sifirin ne. Ana jiƙa shi da ruwan kanwa, a binne a turken awaki kwana arba'in, a tono shi ya zama na kakanni."

"Kai ina ka san kwana arba'in ne?"

"Ni nake tonowa. A gidanmu ake yin su."

Alhaji ya dubi yatsan Barmo, ya dubi tsofaffin tabon ƙuna a bayan hannunsa, waɗanda ya sha gani yana ɗauka na injin makulli ne. Ya ajiye takardar a kan tebur a hankali, ya yi wa ma'aikaciyar godiya, suka fito.

A cikin jirgin komawa Alhaji ya sake, abin da Barmo bai taɓa gani ba. Ya yi ta godiya, ya ce an fitar da shi kunya, har ya ba da labarin wani maƙerin gidansu mai barkwanci da suke ji da shi ƙwarai. Babu sauran tambaya a bakinsa, ya samu amsar da yake nema. Barmo yana ta jira ya ambaci Asabar, bai ambata ba.

Da suka sauka, Alhaji ya laluba aljihu, ya kamo hannun Barmo ya danna masa takardar kuɗi a naɗe, ya rufe masa yatsu a kai.

"Ga tukuici, ba yawa. Allah ya yi wa sana'a albarka."

Ba a ba suruki tukuici. Barmo ya san haka, Alhaji ma ya san ya sani. Barmo ya tsaya a bakin tasha mutane suna ratsa shi ta ko'ina, hannunsa a dunƙule, wayarsa tana ta ruri a aljihu. Ya san Raudatu ce, tana son ta ji yadda aka ƙare.