Goshin Amihan

Malama Perpetua ta miƙa hannu, hannun ya tsaya a iska. Sauran yara duk sun kama bayan hannunta sun ɗora a goshinsu, yadda kowane ɗa mai tarbiyya a garin Iloilo yake gaida babba. Amihan kuwa daga nesa ta rusuna, ta wuce.

Matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana rawar bale, wadda ake yi a kan yatsun ƙafa, a manyan dandamalin birnin Manila, ta dawo gida da yatsun ƙafa a murguɗe ta buɗe makarantar rawa a saman shagon tela, ba gaisuwar 'yar yarinya ce za ta ƙara ta da komai ba. Sai dai Malama akwai bin diddigi. Fushi yarinyar take yi? Ko girman kai ne, don ta san babu mai tsayuwa a kan yatsu kamarta? To gashin da ta sauko da shi har gira fa, alhali ta san dokar ɗaure gashi?

Da aka tashi, ta tsare ta.

"Zo nan, 'yata. Hannuna ne yake wari?"

"A'a, Malama."

Ta ɗaga gashin da yatsa ɗaya. Goshin ya yi jawur, ya saɓule kamar an watsa masa ruwan zafi. Kumatun kuma sun yi dabbare-dabbare.

"Mama ce take shafa min," in ji Amihan, idonta a ƙasa. "Wai kafin ki zaɓi mai rawar gaba a bikin ƙarshen shekara."

* * *

Nenita, uwar yarinyar, ta zo washegari da ƙarnin kifin kasuwa a jikinta, ba alamar kunya. Ta fito da 'yar kwalbar man bilicin daga jaka ta ajiye a kan tebur.

"Haba Nenita! Dafa yarinyar za ki yi?"

"Zafin na farko ne kawai, Malama. Mai sayar da shi ta ce saɓa zai yi."

"Wa ya ce miki fata nake dubawa? Ƙafa nake dubawa."

Nenita ta yi 'yar dariya, ta nuna hotunan masu rawa da ke bango da baki. "Ni ban yi boko ba, amma ina da ido. Nuna min baƙa ɗaya a gaba. Ke kanki dubi yadda kike a can, fara tas, kamar 'yar Sinawa."

"Hoda ce wannan. Har bayana ake shafe min kafin in hau dandamali."

"To kin gani. Ke naki ake wankewa. Ni wanda zai zauna nake nema mata."

Malama ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, tana neman wanda zai ƙaryata matar. Kullum tana goge musu ƙura, amma ba ta taɓa kallonsu da wannan idon ba. Ba ta samu ba, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

"Ki daina shafa mata, ko in sallame ta."

"Na ji," Nenita ta ce, ta mayar da kwalbar jaka.

* * *

Idan ta hana Amihan matsayin gaba, ta gaskata bangon. Idan ta ba ta, ta gaskata kwalbar. Malama ta juya zancen ta kowace fuska, ba ta ga mafita ba. Ranar zaɓe yarinyar ta yi juyin da ya sa mai kiɗan fiyano sakin baki, sai Malama ta kira sunanta, don gaskiya nata ne.

Ihun murnar yara bai lafa ba ta leƙa ta taga. A ƙasa, a kan bencin tela, iyaye mata sun yanyame Nenita. Kwalbar tana yawo daga hannu zuwa hannu. Wata mai goyon jaririya ta buɗe murfin ta shinshina, ta tambayi ko ana shafa wa ƙanana.