Idon Dama

"Baba, kwanta mana," in ji 'yarsa, tana karɓar hularsa.

Mai gyaran agogo ya dubi gadon, ya dubi na'urar, sannan ya dubi cikin 'yar tasa da ya fito sosai.

"Ba irin abin nan ne da ake ɗora muku a ciki ba? Likita, ko dai kin sha'afa ne? Ga mai cikin nan a tsaye."

Likitar ta yi dariya. "Danginsa ne, Baba. Wannan na ido ne."

Ya kwanta yana 'yan gunaguni. Wani ɗan tsiro ne ya fito masa a farin idon dama, idon da yake maƙala madubin aiki tun yana saurayi. Gwaji ya riga ya nuna ciwon daji ne. Abin da ya rage a sani shi ne zurfinsa. In a sama ya tsaya, a yanke shi. In ya nutsa ciki, idon gaba ɗaya za a cire.

Likitar ta ɗiga masa magani, idon ya yi nauyi. Ta kifa wani ɗan ƙoƙon roba a kai, ta cika shi da ruwa mai sanyi, ta tsoma bakin na'urar. Shi da ya saba leƙa cikin kayan mutane, yau ga shi ana leƙa nasa. 'Yar ta ƙura wa allon na'urar ido, ba ta ganin komai sai toka-toka, ta damƙe yatsan ƙafar ubanta ba ta ma sani ba.

"Kin ga wannan farin layin?" Likitar ta nuna mata. "Bangon ido ke nan. Lafiyarsa ƙalau, ciwon bai huda shi ba. Za mu cire tsiron, a bi da magani, mu riƙa duba shi. Idon yana nan."

Sai 'yar ta fashe da kuka. Daɗi ya cika tsohon. Ya tashi zaune, ruwa na bin kumatunsa, ya ce na ƙoƙon ne.

"Likita, a yi aikin da wuri," ya ce, ya sassauta murya. "Na hagun nan na gwada shi a shago, a ɓoye. Malalaci ne."