Silinda ta Huɗu

Shekara goma sha biyar Mato bakanike yana gyaran tsohuwar motar sojan da Alhaji Manzo ke jigilar hatsi da ita tsakanin Belbeji da Tanout. Tun kaka kunnensa ya gaya masa silinda ta huɗu a injin ta gaji. Ya faɗa, Alhaji ya share.

Yau ga wani bakanike, Hashimu, an ɗauko daga Damagaram da agogon awon ƙarfin inji. A kowace silinda sai ya cire injekta mai feshin mai, ya ɗaura agogon, direba ya murza makulli. Da aka zo ta huɗu, Mato ya ji yana fatan allurar ta haura, ko da hakan zai ƙaryata shi. Ko rabi ba ta kai ba.

"Malam Mato," in ji Alhaji, "matso ka ga aikin masu sani."