Faifai na Ƙarshe

Ba'ana ya hura wa faifan iska, ya goge shi da bakin rigarsa, ya tura cikin na'ura, ya kashe murya tun kafin hoto ya fito. Dokar gidan ke nan tun ranar da Jamusawan cikin talabijin ɗinsa suka buɗe wuta, rabin layinsu a unguwar Umarari ya watse a guje, har da mai shayi da butarsa a hannu. Inno, tsohuwar da ta gudo daga Konduga ta kama ɗakin da ke jikin nasa, sai a ƙarƙashin gado aka zaƙulo ta, hawan jininta ya tashi. Tun daga ranar, yaƙin duniya na biyu shiru ake yin sa a ɗakin Ba'ana, kamar ana jarrabawa.

Ba a yi asarar komai ba, don dama Ba'ana ba ya jin Turanci. Abokinsa Ikemefuna ne muryar fim ɗin. Duk Lahadi in ya taso daga coci sai ya biyo, ya zauna a tsakiyar hulunan mutane da Ba'ana ya wanke ya kifa suna bushewa, yana karanta rubutun ƙasan allo yana juya shi zuwa Hausa. Ba'ana ya daɗe yana zargin fassarar. Bai yarda akwai janar ɗin da zai ce wa sojojinsa "'yan banza, man uban wa kuke ƙonawa" ba. Amma a haka ya fi masa daɗi, sai ya ja bakinsa.

Shiri ne mai dogon zango, labarin wani mai gidan burodi da ya ƙi barin garinsu duk da ruwan bama-bamai. Yau faifai na ƙarshe za su kalla. Gobe kuma Obiageli, matar Ikemefuna, ta ce ko da shi ko ba shi za ta ɗebi yara su shiga motar Onitsha. Tun da aka hana hawan babur kayan gyaran babur da ke shagonsa suka zama ƙarafan banza, ga 'yan cocinsu ana ta ɗauke su ɗai-ɗai. Shi kuwa har yanzu bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ba'ana dai ba ya so ya tafi, magana ta gaskiya ke nan. Tun suna samari suke tare, kuma in mutumin nan ya tafi, wa zai ba Jamusawa baki? Don haka ya kwana da shirinsa.

"Dubi bawan Allahn nan," ya ce, ya nuna mai burodi yana murza fulawa rufin kwano na zubo masa. "Ya gudu?"

"Bai gudu ba."

"To."

"Ya Ba'ana, wannan biyan shi ake yi. In an tashi daga aiki wanka yake yi ya tafi gida."

"Duk da haka. Gari ya lafa, Ike. Yaushe rabonka da jin harbi?"

Ikemefuna ya sosa gemu. Ba'ana ya ga alamar maganar ta shiga, ransa ya yi fari. A allo tankokin yaƙi suka shigo kasuwar garin, wani soja ya durƙusa bayan buhunan yashi ya saita bindiga.

"Yana cewa," in ji Ikemefuna, "duk wanda bai yi alwala ba ya yi yanzu."

Sojan ya ja kunama, ƙara ta tashi, tatatata, daidai da wutar da ke fita a bakin bindigar. Ba'ana har ya ji daɗin yadda ta dace. Sai ya duba rimot ɗin da ke hannunsa. Murya a kashe take. Sojan ya daina harbi ya juya yana magana, ƙarar ba ta daina ba. Daga wajen babban titi take zuwa, kuma wata mai nauyi ta amsa mata, har hula ɗaya ta gangaro ƙasa.

Suka zame daga benci suka zauna a tabarma, ba wanda ya ce wa wani ya yi.

Aka buga bango daga ɗaya ɗakin.

"Ba'ana," muryar Inno ce, da faɗa a cikinta, ba tsoro. "Ba na ce ka daina ƙure mana wannan abin ba? Sallah nake so in yi."

Ba'ana ya dubi Ikemefuna, Ikemefuna ya dubi bango.

"Yi haƙuri, Inno. Maɓallin ne ya maƙale. Ki yi sallarki a zaune, nesa da taga, yanzu zan gyara."

"Ƙato da kai, sai kallon yaƙin Turawa. Wanda aka yi mana bai ishe ka ba."

"Ya isa, Inno."

Harbin ya ɗan jima, sannan ya yi nisa, ya mutu. Inno ta ce yawwa, ai ga shi ya gyaru. A allo mai burodi na ta magana da matarsa yana hawaye, amma Ikemefuna bai fassara ba.

Ba'ana ya miƙa hannu ya fitar da faifan, ya mayar a ledarsa, ya ɗora wa Ikemefuna a cinya.

"Ai ba mu gama ba."

"Tashi ka tafi kafin dokar hana fita. Ka taya Madam ɗaure kaya. In ka isa ka ƙarasa kallo, ranar da aka dawo mana da layin waya ka kira ka faɗa mini wa ya ci."

"Ya Ba'ana, duniya duka ta san wa ya ci."

Ba'ana ya ɗauko hular da ta faɗi yana kaɗe mata ƙasa, bai ɗago kai ba.

"Kai dai ka kira," ya ce.