Ranar da Ba a Ɗaure Gizo Ba

A shekarar fari ta tamanin da huɗu, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa, Madam Balkisa, Allah ya jiƙanta, tana koyar da aji biyu a wata lakkwal, wato makarantar boko, da ke bayan Zongo a Yamai. Ajin na zana ne, yara saba'in da uku zaune a kan rairayi. Rabinsu sababbin zuwa ne daga ƙauyukan Tawa da Filinge, waɗanda iyayensu suka biyo abinci zuwa birni bayan dabbobi sun ƙare. Ranar da suka fara jin ana kiran shugaban lakkwal Mushe Abdulaye, yadda ake kiran malami da Faransanci, sai da suka dubi juna. Sun baro mushe birjik a bakin hanya, amma ba su taɓa ganin wanda ya sa kwat yana busa usur ba.

Dokar lakkwal ita ce Faransanci kaɗai. Akwai wani ƙashin muƙamuƙin akuya da aka zura wa igiya, ana ce masa sambol. Duk yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa ko Zabarmanci, a rataya masa. Shi kuma ya kasa kunne har ya kama wani ya juye masa, wanda aka tashi da shi a wuya shi ke sharar fili. Yaran Madam Balkisa suka samo wa abin magani mai sauƙi: suka rufe baki gaba ɗaya. Sambol ya yi mako uku a wuyan wata 'yar siririyar yarinya mai suna Kadi, don ba wanda ya sake cewa uffan balle ta kama shi.

Ana haka Mushe Abdulaye ya kira Balkisa ya gaya mata anspekta mai duba malamai zai zo nan da mako shida. Ya tuna mata cewa a wannan zamani takarda ɗaya ta isa a ɗauke malami a jefa shi Bilma can tsakiyar hamada, kuma ajin da ba ya magana shi ake fara dubawa. Balkisa ba Bilma take tsoro don kanta ba. Mahaifiyarta, Inna Hamsatu, idonta ya kusa rufewa, gwiwoyinta sun daina ɗaukarta, kuma ba ta da wani ɗa a Yamai. Ba za ta iya kwana huɗu a bayan babbar mota ba, barinta kuma ba zai yiwu ba.

Da yamma ta tarar da Inna tana lalube tana tsince jar dawar taimako a faifai. Ta zayyana mata komai. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Ke da ƙashi na buɗe miki baki? Shekara uku kina kallon mutane kamar kwaɗo, tatsuniya ce ta sa kika fara surutun da har yau ba ki daina ba.”

Washegari Balkisa ta cire sambol daga wuyan Kadi, ta rataye shi a waje, ta ce ya je ya sha iska. Ta rage murya ta ce ga ta nan, ga ta nanku. Ba wanda ya amsa. Can sai Kadi, wadda ta saba da shara har ba ta jin tsoronta, ta ce ai ba a tatsuniya da rana, mai yi da mai ji duk sai sun ɓata hanyar gida.

“Mu kuwa, Madam, mun riga mun ɓata sau ɗaya,” in ji ta.

Sai Balkisa ta tuna da maganin da kowace 'yar Damagaram irinta ta sani. Ta zaro haki ɗaya daga zana, ta ƙulla shi a gabansu, ta ce ta ɗaure Gizo, yau ba shi da ikon ɓatar da kowa. Ta soke ƙullin a gefen allo. Da ta sake buɗe tatsuniya, baki saba'in da uku suka amsa a tare, har akuyar maƙwabta da ke cin zanar ta baya ta zabura.

Labarin na wata akuya ce da ta fita neman inda ruwan sama ya tafi. Ta tambayi jaki, jaki ya ce shi kaya ya sani, ta tambayi kunkuru. Kunkuru ya ce yana kan hanyar zuwa dubawa tun bara. Haka dai har ta isa bakin kogi wajen dorina, wadda ta rantse ba ita ta shanye ba. Makon farko da Hausa aka yi. Daga nan Balkisa ta fara zare kalmomin Hausa ɗaya bayan ɗaya tana dasa na Faransanci, kamar mai canza wa zana haki ba tare da ta kwance ta ba. Akuya ta zama la shebur, kunkuru la torti. Tambayar akuya, ina ruwan sama, ta koma “U e la pului?” Buɗewar ma ta juya ta: ita ta ce “La bwala, la bwala,” su ce “Kel biyen,” wato ta zo mu ji ta.

Ta raba musu dabbobi kowa ya riƙa yin maganar tasa. Rigima ta kaure a kan dorina, don mai yin ta shi ke da izinin kumbura kumatu ya yi gyatsa. Suka fara ƙara dabbobi da kansu, kowace sabuwa sai an nemo sunanta da abin da za ta ce. Wata rana wani mai ga-ruwa ya zo ƙara wajen Madam, wai 'yan ajinta sun bi shi tun daga famfo suna tambayarsa wani “pului”, shi kuma bai ɗauki pului ɗin kowa ba. Kullum safe kafin a fara sai an ɗaure Gizo. Ƙulli ya taru a gefen allo ya fi talatin.

Ana gobe anspekta zai zo, Mushe Abdulaye ya shiga ajin bayan an tashi ya ga ƙulle-ƙullen. Ya ce wannan ko makaho ya shafa zai ce asiri ne, kuma shi ba zai je yi wa soja bayanin haki ba. Ya tattare su ya zuba a aljihun kwat. Ya gargaɗe ta kada ta kuskura ta taɓa zana gobe, ya kuma sa a mayar wa Kadi sambol don baƙo ya ga akwai doka.

Anspekta ya iso da hantsi. Dogo ne mai tabarau, an ce ko da direbansa Faransanci yake yi, wai Hausarsa ta zube a jirgi ran da ya dawo daga karatu. Ya zauna a kujera a bayan aji, takarda a cinya, Mushe Abdulaye tsaye a kansa.

Balkisa ta gyara ɗankwali ta ce, “La bwala, la bwala.”

Shiru. Ta sake, shiru. Yara ba ita suke kallo ba, gefen allo suke kallo, inda ba ƙulli ko ɗaya. Ta faɗa na uku. Ta ji ƙarar biron anspekta a kan takarda, a ranta ta hango Inna zaune a kan buhuna a bayan mota, rana na dukanta.

Kadi ta ɗaga hannu, ta miƙe, ƙashi na lilo a ƙirjinta, ta ce, “Madam, Gizo ne pa atashe.”

Ba a ɗaure Gizo ba ke nan, kuma da Faransanci tsaf ta faɗa. Biro ya tsaya. Mushe Abdulaye ya zare wa Balkisa ido yana girgiza kai. Ita kuwa ta auna idon Mushe, ta auna Bilma, ta taka zuwa zana ta zaro haki. Hakin ya bushe ƙarau, yana lanƙwasawa ya karye. Ta zaro na biyu, ya karye. Tana kai hannu ga na uku sai murya ta fito daga bayan aji, da Hausar Gobir tsantsa:

“Ke ɗiyata, jiƙa shi da miyau mana. Wa ya taɓa ɗaure Gizo da busasshen haki?”

Anspekta ne. Shi kansa sai da ya taɓa bakinsa. Kadi ta ratsa tsakanin yara ba gaggawa, ta tsaya gabansa, ta cire igiyar ta riƙe da hannu biyu ta ce, “Mushe, sambol.”

Balkisa ta runtse ido. Da ta buɗe sai ta ga dogon mutum ya cire tabarau ya sunkuyar da kai, yarinya ta rataya masa. Balkisa ta jiƙa hakin, ya ƙullu. Ta ce “La bwala,” amsa ta girgiza zana.

Aka yi tatsuniyar akuya daga jaki har dorina, har da raƙumi da jimina da aka ƙaro a makon jiya. Anspekta ya ajiye biro ya kasa kunne kamar kowane mai sambol, yana neman wanda zai juye wa. Ya jefa wa kunkuru tambayar da ba ta cikin labari, kunkuru ya yi tunani a hankali yadda ya dace da shi, ya amsa da Faransancinsa mai ɗingishi. Har aka gama ba yaron da ya yi tuntuɓe da Hausa, don kowa na so baƙo ya yi shara.

Mushe Abdulaye ne ya kasa daurewa. Ya duƙa ya raɗa, amma raɗar da duk aji ya ji, “Ranka ya daɗe, kawo in cire maka wannan ƙazanta.” Anspekta ya ce mersi, ya cire da kansa ya rataya masa.

Da yamma Balkisa ta ba Inna labarin yadda aka ga Mushe da tsintsiya a fili, haki na leƙowa daga aljihun kwat. Tsohuwa ta yi dariya har faifai ya kife, suka duƙa su biyu suna tsince jar dawa a ƙasa.

Takardar Bilma ba ta zo ba. Inna Hamsatu ta ƙara damina ɗaya a ɗakinsu na Zongo, ta ji ruwan farko a kan kwano da kunnenta, kuma ranar da ta cika kanta yana kan cinyar Balkisa.