Na Ce Ba Abin da Ya Toshe

Aikina gyaran famfo ne. Shekara ashirin da biyu ina bin gidajen hayar ɗalibai a Ayigya Zango, ina kwance bututu ina zaro datti. Boko kam aji uku na yi na gudu. Abin da na sani guda ne: in ruwa ya ƙi wucewa, wani abu ne ya toshe.

Matata Azaratu shinkafa da wake take sayarwa a bakin tashar trotro, ƙananan motocin haya. Wata Talata da hantsi ta dafe ƙirji ta zube, gumi kamar an kwara mata ruwa. A asibiti suka ɗebi jininta, suka ce bugun zuciya ne. Suka zura wata siririyar waya ta hannunta suka leƙa jijiyoyin zuciyar. Likitar, wata 'yar Asante mai tabarau, ta nuna mini hoton.

"Baba, jijiyoyinta a buɗe suke. Ba inda ya toshe."

"Alhamdu lillahi. Ba komai ke nan."

"Ban ce ba komai ba. Zuciyar ta ji rauni, jini ya nuna. Ta sha magani, ta huta sati shida, ban da ɗaga nauyi. Komawa aiki kuma sannu a hankali."

Maganar farko na ɗauka. Sauran a ofishinta na bar su.

Kwana tara Azaratu tana kwance a gida. Wata mata har ta kafa tebur a wurinta a tasha, abin yana cin raina. Ranar suna a ɗakin Sanni, da muke tsakar gida ɗaya, mata suka tambaye ni mai jiki. Na ɗaga murya na ce, "Ni na ga hoton da idona, bututu tas! Ciwon son hutu ne."

Aka kwashe da dariya. Yayarta Rakiatu, da ta zo daga Tafo, ba ta yi ba.

"Buraima, kai da ka ƙare a bututun masai, yaushe ka zama likita?"

"Yaya, bututu ai bututu ne."

Tagar ɗakinmu a buɗe take, Azaratu na ciki. Da gari ya waye na tarar Azaratu ta hura wuta ta ɗora tukunya. Ban hana ta ba. Gaskiya ma daɗi na ji.

Rana ta uku ta ce, "Baban Huda, ƙirjin nan yana matse ni."

Na ce, "Sha ruwan citta, iska ce."

Rana ta huɗu ta zo sauke babbar tukunyar, ta faɗi tare da ita.

Da muka koma asibiti, likitar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Sana'ata kawai ta tambaya, na faɗa mata.

"Ka taɓa taka tiyo ruwa na gudu?"

"Sai ya tsaya mana."

"In ka ɗaga ƙafa, wani ya zo ya leƙa ciki, zai ga datti?"

Na ce ba zai gani ba.

"Haka jijiyarta take yi. Ta matse da kanta, jini ya tsaya, sannan ta saki. Wasu kuma ƙananan jijiyoyin ne, waɗanda hoto ba ya kamawa. Amma naman da ya rasa jini ya riga ya ji ciwo, kuma na wannan karon ya fi na farko. Tukunyar nan, ba na jin za ta sake ɗaga ta."

Daga asibiti Yaya Rakiatu ta wuce da ita Tafo. Ba ta nemi izinina ba, ni ma ba ni da bakin hanawa.

Wata biyar ke nan. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai in hau trotro da lemu da maganinta. Ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba. Ta gaishe ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta tambayi aiki.

Juma'ar da ta wuce ta tashi za ta kawo mini ruwa. A bakin ƙofa ta tsaya, ta dafa bango, leɓenta ya yi toka-toka. Na miƙe.

"Maman Huda, ƙirjin ne? Don girman Allah ki faɗa mini."

Ta dube ni, ta gyara mayafinta.

"Lafiyata ƙalau, Malam."

Sannan ta juya wajen kicin, a hankali ta ce, "Yaya, zo."